Dakarun Maikano Ba Sa Taka Gero

Idan ka tambayi mutanen bakin titin jami'a a Wudil sana'ar Nu'uman, za su ce maka gyaran kwamfuta. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Gyaran shi ke kawo cefane. Abin da ya tafi da hankalinsa kuwa wani tsohon wasan yaƙi ne na kwamfuta, irin wanda mutum zai kafa gari, ya cika rumbu, ya haɗa dakaru, sannan ya je ya rushe garin abokin karawarsa. Shekara tara ke nan da wata ɗaliba ta kawo laftof gyara, wasan na ciki. Ya buɗe ne kawai don ya gwada ko na'urar ta daina ɗaukewa, sai ji ya yi ana kiran la'asar, abincin ranarsa ya yi sanyi a kwano. Tun daga nan matarsa Suwaiba take cewa mijinta ya ci garuruwa sun fi ɗari, amma ɓeran kicin ya gagare shi.

Abin dariyar shi ne, Nu'uman ba wani gwani ba ne a wasan. Shi dai a ba shi abu ya kwance ya ga cikinsa. Da ya gano cewa masu wasan sun bar ƙofa a buɗe ga duk mai son yi masa kwaskwarima, sai ya zama kamar an ba kura ajiyar nama. Ya fara da mayar da rubutun ciki Hausa. Daga nan ya cire gidajen dutse na Turawa ya sa soraye da ganuwar ƙasa, ya mai da ma'ajiyar abinci rumbu mai hular ciyawa. Ya rubuta ɗan littafin bayani mai shafi talatin da biyu, ana yin fotokofinsa, Suwaiba na ɗinke bakin da zare tana mita. Sannan ya buɗe guruf a waya don masu tambaya. Ɗalibai suka fara shiga, sai teloli biyu, sai wani lakcara da ya roƙi kada a faɗi sunansa, sai manoma da 'yan kasuwa daga Indabo da Kausani da Ɗankaza.

Amsa tambaya ita ce wahalarsa, ita ce kuma jin daɗinsa. A shafi na uku na littafin ya rubuta da manyan baƙi cewa duk mai kawo ƙorafi ya faɗi abu uku: me ka danna, me ka gani, me ka so ka gani. Babu wanda ya taɓa bi. Mutum zai turo saƙon murya na minti huɗu, ya gai da Nu'uman, ya gai da iyali, ya tambayi gajiya da kasuwa da ya aka ji da ruwan jiya, can a ƙarshe ya ce, "Injiniya, abin nan fa ya sake yi." Wane abu? Oho. Nu'uman zai yi tsaki, ya dafe kai, sannan ya danna ya mayar da gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, don shi ma ba zai iya tsallake ta ba.

Amma abin da ya fi ƙauna a duk aikinsa taswira ce guda, wato filin da ake gwabza yaƙin a kai. Shekara biyu ya yi yana zana ta. Kogi a tsakiya, gada a kansa, gari da kara, wato kasuwar shanu, a ɓangare ɗaya, ƙauyuka a tsallake. Ranar Lahadi yakan hau babur ya zaga yana ɗaukar hoto, ya dawo ya dasa kowace tsamiya a inda take. Gonakin da suka kewaye ƙauyukan ma bai yi musu aikin gaggawa ba: ya ja kunya-kunya, ya tsai da gero, ya shimfiɗa wake a tsakani, ya bar burtali ɗaya siriri, hanyar shanu, ya ratsa su har bakin gada. Ranar da ya sake ta, guruf ɗin ya kusa tsagewa. Kowa na neman ƙofar gidansu.

Daɗin bai daɗe ba ƙorafi ya fara. Duk wanda ya ɗauki tsallake, kashi yake sha. Mutanen ƙauye su ne kullum ke ɗaukarsa, don nan ne gida, ɗalibai kuwa suka riƙe gari suka ce ba su ga abin da zai kai su ɓangaren da ba ya ci ba. Wanda ya fi kowa shan kashi shi ne Maikano, dillalin shanu a kara, mutumin Ɗankaza mai shekara hamsin da biyar, wanda ɗansa ya bar masa tsohuwar laftof ya tafi bautar ƙasa. Shekara guda cur yana wasa a taswirar, bai ci ko sau ɗaya ba, bai kuma fasa ba.

Nu'uman ya bincika fayil-fayil har idonsa ya yi ja. Ya auna nisan kowane ɓangare zuwa gada, daidai. Ya ƙirga itace da ruwa, daidai. Ya zauna ya ɗauki tsallake da kansa, ya kara da kwamfuta sau goma, ya ci bakwai. Sai ya rubuta a guruf, "A wajena lafiya lau take." Wannan magana ita ta ƙara hura wutar.

Jamil, ɗalibin da ke shirya gasar ƙarshen zango, ya zo shago ranar Talata. Yaro ne mai ladabi, amma ba ya kwana-kwana.

"Oga Nu'uman, wallahi muna son taswirar nan. Amma ba a gasa a filin da aka san mai ci tun kafin a fara. Ranar Asabar za mu gwada wasa uku a nan shagon. In tsallake bai ci ko ɗaya ba, sai dai ka yi haƙuri, za mu koma ta Turawa."

Nu'uman ya ce to. Da Jamil ya fita, ya zauna ya kasa ko ɗaga sukundireba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya san in aka cire ta daga gasa, an binne ta ke nan, aikin shekara biyu ya zama hoto.

Suwaiba ce ta ce masa da safe, tana zuba koko, "Kai kullum sai ka ce a gaya maka me aka danna. Maikanon nan ba zai gaya maka ba har tashin duniya. Ɗankaza nisa gare ta? Je ka ka gani da idonka mana."

Ranar Laraba bayan azahar ya rufe shago, abin da bai saba ba, ya hau babur. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Ya sami Maikano a zaure. Sai da aka sha fura, aka gaisa aka sake gaisawa, sannan aka ɗauko laftof daga cikin buhun da ake ɓoye ta saboda jikoki. Nu'uman ya zauna a baya ya ce, "Baba Maikano, yi wasanka kamar ba na nan."

Mutumin ashe gwani ne. Ya cika rumbu da wuri, ya haɗa dakaru masu yawa, komai a tsare. Da lokacin fita yaƙi ya yi, sai Nu'uman ya ga ya tattara rundunar nan kaf, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya cusa su cikin siririn burtali. In wani soja ya ɗan kauce ya nufi kunya, sai Maikano ya yi wuf ya dawo da shi, har da cewa, "Kai, kai, dawo hanya!" Abokan gaba na tsaye a bakin gada, duk wanda ya leƙo su tsince shi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Baba, tsaya. Me ya hana ka yanke ta nan? Ga fili ko'ina!"

"Ta ina?"

Nu'uman ya nuna da yatsa.

Maikano ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Ta gonar mutane? Injiniya, lafiyarka kuwa? Gero ya fitar da kai!"

"Ai zane ne, Baba. Ado ne kawai. Soja na wucewa ta ciki, ba abin da zai same shi. Ni ta nan nake bi."

"Zane ne, amma wa ya zana? Wannan ba gonar Malam Ɗayyabu ba ce, ga tsamiyarsa? Shekara talatin ina koro shanu zuwa kara, ba a taɓa kai ni gaban mai gari a kan ɓarna ba. Sai yanzu da furfura zan tura dakaru ɗari biyu cikin geron maƙwabci?"

Nu'uman ya yi dariya har da hawaye, daga baya kuma kunya ta kama shi. Ya tambaya ko sauran mutanen tsallake ma haka suke yi. Maikano ya ce wa zai yi wani abu daban, ai ba a ma taɓa zancen ba.

"To shi ke nan, abu ya zo da sauƙi," in ji Nu'uman. "Layi ɗaya zan ƙara a littafi, in ce ana iya ratsa gona."

"Rubuta abinka. Ni dai a ci ni sau dubu."

A hanyar dawowa babur na tafiya, kan Nu'uman na aiki. Mutanen nan ba za su canza ba, kuma shi a ransa bai ma so su canza ba. To yaushe dabba ke shiga gona ba a yi faɗa ba? Sai bayan girbi, in an kwashe amfani, mai gari ya sa an yi shela. Nan take ya juya babur ya koma, ya sa Maikano ya yi masa shelar a waya sau uku, ya zaɓi wadda akuya ba ta yi kuka a ciki ba.

Kwana biyu ya yi a kan aikin, masu kawo gyara na zuwa suna komawa. Ya zagaye ɓangaren gari da gonaki shi ma, da burtalinsa. Ya kafa doka a cikin wasan: duk rundunar da ta taka shuka, hatsin rumbunta zai riƙa zubewa. In an yi minti ashirin kuwa kaka ta yi, gero ya kwanta, fili ya buɗe ga kowa.

Ranar Asabar shago ya cika har waje. Maikano ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna a tsallake, Jamil ya riƙe gari. Wasan farko Jamil ya ci. Na biyu ma ya ci, ko da yake da ƙyar. Nu'uman na tsaye jikin ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa.

A na uku Maikano ya ƙi fita. Ya zauna yana ta cika rumbu, ɗalibai na yi masa tsiya wai tsoro ya kama Baba. Jamil ya gaji da jira, ya yi ƙoƙarin yanke ta gona, ya ga hatsinsa na tsiyaya, ya ja da baya ya koma bakin gada ya tsare bakin burtali kamar yadda ya saba. Ana haka sai murya ta fito daga sifika, kakkaura, muryar Maikano ce da kanta: "Jama'a, ana gaishe ku! An kwashe amfani, mai dabba ya saki dabbarsa!"

Shago ya kwashe da dariya. Maikano bai ko murmusa ba. Ya raba dakarunsa uku, ya bazo su ta cikin fili kamar yadda ake koro garke, wasu ta hagu, wasu ta dama, wasu suka zagayo ta bayan tsamiya. Kafin Jamil ya juya mutanensa an rufe su. Minti shida aka ƙara, garin ya faɗi.

Ihu ya tashi. Jamil ya miƙe ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Taswira ta zauna! Amma wallahi a gasa ni tsallake zan ɗauka." Nu'uman don daɗi ya ma rasa wa zai runguma.

Maikano ne kaɗai bai tashi ba. Ya ƙura wa kwamfutar ido, ya cire hannunsa daga kan maus a hankali. Dakarunsa sun ɓace, wata tuta ta cika fuskar na'urar, ana ta buga tambura. Ya waiwayo, fuskarsa duk damuwa.

"Injiniya, zo ka gani. Wallahi ban taɓa komai ba. Wani abu ne ya fito, ban taɓa ganinsa ba. Ko ta sake lalacewa ne?"

Nu'uman ya matso ya durƙusa kusa da shi.

"Ba ta lalace ba, Baba. Haka take yi in mutum ya ci."