Gafarar da Ta Maƙale a Rauta

Har yau idan na ga rauta, na'urar nan mai kamo intanet, a kan teburin wani, raina sai ya sosu. Tawa fara ce mai ƙaho biyu, na saye ta ne saboda ɗan shagona na Kalgo, inda nake buga wa mutane takardu, ina cike musu fom ta intanet. Mai sayarwa ya rantse mini cewa ko a cikin rijiya na saka ta sai ta kamo sabis. Ban kai ta rijiya ba, amma tun a kan tebur ta fara nuna hali. Da safe lafiya lau. Da rana ta take sai ta ɗau zafi ta daskare, sai na kashe na kunna, na jira ta gama yangarta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryarta: fitilunta duka kore shar, alhali ko harafi ɗaya ba ya wucewa. Da za ta nuna ja, ai da na san inda na dosa.

Na san halinta sarai, kuma duk da haka na ɗauke ta zuwa Gwandu, garinmu. Wannan laifina ne, ba na musu.

Yayana ya shekara tara a Aljeriya yana aikin gini. Kafin ya tafi, shanun huɗar Baba guda biyu ya kora kasuwa ba da saninsa ba, ya yi guzuri da su. Daminar shekarar da fartanya tsohon ya yi noma. Tun daga lokacin ba a ambaton sunan Yaya a gabansa, ko waya aka miƙa masa sai ya kau da kai. Da ciwo ya kwantar da shi a bazarar nan, Inna ta yi ta lallashi har ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ba ni magana da murya awa mai hira da aljani," in ji shi. "In shina son gahwara, in ga idonai."

A gidanmu na Gwandu waya ba ta ɗaukar kiran bidiyo, sai mutum ya fita bakin hanya yana ɗaga hannu, Baba kuwa ko zaure da ƙyar yake kaiwa. Rauta ce kaɗai mafita, don ƙahonninta sun fi waya kamu. Muka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da Yaya ba ya aiki. Na rufe shago na hau mota, rautar a cinyata. Na ɗora ta a tagar ɗakin Baba, na haɗa mata batir don kada ɗaukewar wuta ta shafe mu, na gwada har sau uku. Ta yi aiki kamar mutuniyar kirki. Na tafi masallaci hankalina kwance.

Inna dai ba ta barin abu mai daraja a buɗe. Kwanon abinci da faifansa, rediyo da ƙyallensa, keken ɗinki da rigarsa. Da ta ga rana ta faɗo kan taga, sai tausayin kayana ya kama ta, ta ɗauko wani mayafi mai kauri ta ninka, ta lulluɓe rautar ruf. Na dawo a gaggauce, ina ta kiciniyar jingina waya a kan kujera, ko kallon taga ban yi ba.

Baba ya sa aka yi masa aski, ya sa farar rigarsa, aka tallafe shi ya zauna. Kira ya shigo. Ga Yaya nan, ya rame, furfura ta fara fito masa. Ya durƙusa a can inda yake, ya gaida Baba. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya fara magana a hankali, ya yi salati, ya ce duniya ba matabbata ba ce, ya ce shanu dabbobi ne, da ma mutuwa za su yi.

"Na yahe maka," ya ce, "duniya da lahira. Allah shi yi maka albarka."

Muka jira amin. Shiru. Fuskar Yaya tana nan a kan waya, ya ɗan juya gefe, baki a rufe, ko ƙiftawa babu. Ni na gane nan take, hoton ne ya daskare. Na dubi taga na ga mayafi. Na fizge shi, rautar ta yi zafi kamar murfin tukunya, fitilunta kuma kore, munafuka.

"Baba, na'ura ce ta tsaya, bai ji ba."

"Ga shi ina kallo nai," in ji Baba. "Na yi mai gahwara, ya kau da kai. Ko amin ba ya iya ce man?"

Na rantse, Inna ta rantse tana kuka. Amma ta yaya za ka gaya wa mutumin da ya shekara tamanin yana yarda da idonsa cewa abin da yake gani ba shi ba ne? A wajensa, wanda babba ya yi wa magana ya yi gum, ya gama raina shi. Ya ce a kwantar da shi. Yana juya fuska bango ya ce, "Halinai na nan. Da na sani da ban buɗa baki ba."

Sai da na yi ta yi wa rautar fifita da faifai kafin ta farfaɗo. Kira ya sake shigowa, sau biyar, Baba ya ce kada a kuskura a kawo masa. Na fita tsakar gida ina huci. Ban ga laifin Inna ba, ita alheri ta nufa. Haushina yana kan waɗanda suka ƙera abin da ba ya jure zafi suka turo mana ƙasar da rana ke dafa ƙwai, da wanda ya sayar mini yana rantsuwa, da ni kaina da na jingina magana irin wannan a kan abin da ya saba yi mini sakiyar da ba ruwa.

Na ce bari ya huce, mako mai zuwa in aro wata rautar mu sake. Ranar Talata Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku Yaya ya kira ni, ina bakin hanya. Ya ce shi daga salati bai sake jin komai ba. Ya tambaye ni me Baba ya ce. Na gaya masa ya yafe masa duniya da lahira, da kunnena na ji, Inna ma shaida ce.

"Daga nan hwa? Mi yac ce?"

Na ce daga nan sai ya gaji ya kwanta. Sai ya ce in maimaita masa kalmomin yadda Baba ya faɗe su. Na maimaita. Ya ce amin, ni kaɗai na ji.