Namijin Giginyar Inna

Lokacin da na yi wayo, giginya biyu ce ta rage a gonar mahaifiyata ta fadama, a ƙauyenmu na kusa da Roni. Inna takan ce sa'ad da aka kawo ta amarya ba su ƙirguwa. Gini ya ci manyan, mu kuma muka cinye ƙananan, don duk ƙwallon da ya tsira sai an tone shi an dafa muruci. Ɗaya daga cikin biyun tana zuba 'ya'ya kowace shekara, ƙamshinsu har bakin hanya. Ɗayan namiji ne, ban taɓa ganin ya ba kowa ko ƙwallo ɗaya ba.

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara zagayawa ina koyarwa a Kazaure, sai aka yi mana ƙarin albashi. Na ƙudura in gina wa Inna soro ta huta da yoyon ɗakin ciyawa. Magini ya ce azarar namijin giginya ta fi kowace ƙwari, gara ba ta iya mata. Ni kuwa da guntun bokona na ga itacen da ba ya haihuwa ai zaman banza yake yi. Ban yi shawara da ita ba, so nake ta gani kawai. Ta tafi Gwiwa zaman jegon ƙanwata, kafin ta yi arba'in an sare, an tsaga, an rufa.

Da ta dawo ta shiga, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Amma ka sa macen giginyar takaba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce furen namijin ne iska da zuma ke kai wa macen, kuma duk faɗin fadamar babu wani.

"Tafasa ko ka share ta ƙarƙaf, baɗi tana nan, don wata uku ya ishe ta ta zuba iri. Giginya kuwa sai ta shekara ashirin ba ka ma san mace ce ko namiji ba."

Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

'Ya'yan da macen ta riga ta ɗauka su ne na ƙarshe. Inna ta tsince su ta bizne a gefen gona, ta kewaye da ƙaya, ta hana a ƙara kawo muruci gidan. Fari ya kashe wasu, awaki suka ƙarasa wasu, ɗaya ya rage. Shekara da shekaru ganye ne kawai a ƙasa, ko gwiwata bai kai ba. In na zo hutu nakan tsokane ta.

"Inna, angon nan naki ya ƙi miƙewa."

"Wa ya gaya maka ango ne? Ni dai ba zan gani ba. In ka gani ka zo ka faɗa mini."

A cikin soron nan ta rasu, tana kallon azarar. Ban taɓa jin ta sake ɗaga maganar saran ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Ina dab da barin aiki ƙaramar giginyar ta fitar da fure, dogaye masu lilo, irin na wanda na sare. Da shekara ta zagayo, wata safiya na ji ƙamshin nan tun daga bakin hanya. Ƙwallo ɗaya ne a ƙasa gindin tsohuwar macen, ja, ya tsage. Na ɗauka da hannu biyu, da furfurata da komai, na nufi gida da sauri.

Sai da na yi sallama a ƙofar soron na tsaya ina jiran a amsa.