Rumfar Tsahara da Akwatin Barci

Tsahara 'yar Alela ce, aure ya kawo ta Malbaza. Mijinta leburan masana'antar siminti ne, mutum marar yawan magana, kuma da ciwon ƙirji ya kwantar da shi sai ta kafa rumfa a bakin hanyar da manyan motoci ke jiran lodi. Shinkafa da wake take dafawa da safe, tuwon masara da rana. Bayan rasuwarsa ba ta koma gida ba. Ta ƙara wa rumfar langa-langa da benci biyu, direbobi suka saba da ita, babba da yaro suna ce mata Goggo.

Tele ta shigo rumfar ne ta hannun 'yarta Surayya, wadda ke aure a Konni. Ta aiko da ita tare da faifan hasken rana da batir, da wani ɗan kile da ake sokawa a jikinta, cike da finafinai. A ciki akwai wani fim mai dogon zango na Turawa da aka fassara da Hausa. Sunansa na asali ba wanda ya iya faɗa, sai aka riƙa ce masa Jirgin Masu Barci. Labarin mutane ne da duniyarsu ta lalace, suka shiga wani ƙaton jirgin sama suka nufi wata duniyar. Tafiyar ta fi tsawon ran ɗan Adam, don haka kowa na kwance cikin akwatin gilashi, ana tada su rukuni rukuni su kula da jirgin.

Direba yakan ga kashi biyu ko uku, a kira motarsa, ya tafi Tawa ko Yamai, ya dawo ya tarar an yi nisa. Tsahara kaɗai ta ga fim ɗin daga farko har inda ya tsaya, ta sake gani, ta kuma sake, tana yankan albasa. Ba ta taɓa cewa yana burge ta ba. Amma in aka tambaye ta wa ya buɗe ƙofa ta uku, ko yaushe matar kyaftin ta mutu, takan ba da amsa ba tare da ta ɗaga kai daga tukunya ba.

Gardamar ta tashi ne kan akwatin. Ilyasu, wani direba ɗan Badagishiri mai ƙaton murya, ya ce sanyi ne ke aiki a ciki, kamar firigon masu kifi: a daskarar da mutum, in lokaci ya yi a narkar da shi. Mamman Sani, tsohon soja da ya yi ritaya yake gadin wani sito a kusa, ya ce sam. A ganinsa akwatin lokaci yake riƙewa, wanda ke ciki minti guda ya yi, na waje kuwa sun shekara ɗari.

"To raɓar da ke jikin gilashin fa?" in ji Ilyasu. "Lokaci na yin raɓa?"

"Kai dai ba ka kallo da hankali," in ji Mamman Sani. "Matar nan da ta shiga da ciki, ba da cikinta ta fito ba, ta haihu lafiya lau? Wane jinjiri ka sani da zai sha ƙanƙara ya rayu?"

Sai su juya ga mai rumfa. "Goggo, don Allah, akwai raɓa ko babu?"

"Akwai."

"Cikin fa?"

"Shi ma akwai. Namiji ta haifa. Ku matsa min da benci."

Abin da ya ƙara dagula lissafi wani tsoho ne a zango na biyu, wanda ya shiga akwati da haɓa a aske ya fito da gemu har ƙirji. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba, domin gemu ba ya tsiro cikin ƙanƙara, ba ya kuma tsiro cikin minti guda. Ilyasu ya ce akwatin tsohon ne ya lalace. Mamman Sani ya ce wani ya buɗe shi a ɓoye, kuma za a bayyana a gaba. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke zuwa cin tuwo ya ce wataƙila masu shirin ne suka manta, sai duka ɓangarorin biyu suka taso masa, bai ƙara sa baki ba.

Kafin damina ta wuce rumfar ta rabu gida biyu, 'yan sanyi a bencin gabas, 'yan lokaci a na yamma. Ilyasu da Mamman Sani, waɗanda da a kwano ɗaya suke ci, kowa ya koma karɓar nasa. Wata rana da azahar magana ta yi zafi har Ilyasu ya ce wa Mamman Sani, wanda bai taɓa tuƙa ko amalanke ba me ya sani game da inji. Mamman Sani ya ajiye cokali, ya sa hularsa, ya fita. Tsahara ta zare wayar tele daga batir, ta naɗe ta, ta sa cikin kwandon barkono. Mako guda ba a kalli komai ba. Sai da Ilyasu ya je har bakin sito ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, bakina ne," sannan ta mayar da wayar. Washegari suka ci gaba daga inda suka tsaya, sai dai da murya ƙasa ƙasa.

Kowa ya zuba ido ga zango na huɗu. Surayya ta yi ta zagaya masu tura finafinai a Konni, daga baya wani ya duba mata a waya ya ce kamfanin ya daina shirin tun tuni, ba wani ci gaba. Ranar da saƙon ya iso, Tsahara ta faɗa musu tana zuba miya. Mamman Sani ya ce wannan rashin mutunci ne, a tara mutane a watse ba sallama. Ilyasu ya goyi bayansa.

Daga baya mai motar Ilyasu ya mayar da shi hanyar Agadas, ya daina biyowa ta Malbaza. Yakan turo saƙon murya a wayar Tsahara, ya gaishe ta a gurguje, sannan ya shiga bayanin wata sabuwar hujja da ta faɗo masa a hanya. Ita kuma ta ajiye wayar a gaban Mamman Sani, ya saurara, ya ba da amsa mai tsawo, ta tura. Sabbin direbobi ba su san kan zancen ba, ƙwallo suke so a kunna musu.

Da gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, ta bar rumfar a hannun Fadila, matar ɗanta, ta koma zama kan tabarma tana tsince wake. Fadila ce ta taɓa tambayarta, cikin mutanen nan biyu wa ke da gaskiya.

Tsahara ta ce ita akwatin bai taɓa damunta ba. Abin da ta daɗe tana lura da shi, duk rukunin da aka tasa daga barci yakan tarar da abinci da zafinsa a kan tebur, alhali an ce duk jirgin ba mai motsi.

"Kin gaya musu, Inna?"

"A'a. Benci biyu gare ni, ba wurin ɓangare na uku."

Ta miƙa mata tiren waken, ta ce a ɗora ruwa, motocin Tawa sun kusa shigowa.