Kwandon Donna Rafilina

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunmu na unguwar Sanità da rana ya san kwandon Donna Rafilina, ko da bai san fuskarta ba. Ƙarfe ɗaya daidai yake saukowa daga barandar hawa na huɗu, yana lilo a bakin tsohuwar igiya, ya tsaya daidai ƙirjin mutum. A ciki akwai kwano a rufe, an naɗe shi da tsumma mai tsabta, ga cokali a gefe. Yau taliya da dankali, gobe taliya da wake. Na wa? Na duk wanda ya zo wucewa da yunwa.

A nan birnin Napoli na Italiya kowace mace mai zama a sama tana da kwando, don ba mai hankalin da za ta sauka matakala tamanin da shida saboda albasa biyu. Sai ta ƙwala wa mai kayan miya kira, ta zura kwando, ya zuba, ta ja. Na Donna Rafilina ne kaɗai ke sauka da nauyi ya koma fayau.

Ɗinkin safar hannu ta fata ne sana'arta tun tana 'yar shekara goma sha uku, har yatsunta suka kanannaɗe. Shekarar da wani ƙarfe ya faɗo wa mijinta Aniello a tashar jiragen ruwa, ya yi wata bakwai a kwance, tukunyarsu ta sha hutu. Wata rana ta zura kwando a sa mata rabin burodi, ta ja, ta ji nauyi kamar an ɗora dutse. Tukunyar wake ce, da zafinta. Ta leƙa ƙasa, ba kowa sai wata kyanwa. Ta tambayi lungu kaf, kowa ya ɗaga kafaɗa. Shekara arba'in da uku ke nan, har Aniello ya riga mu gidan gaskiya, ba ta san mai waken ba. Da ta rasa wanda za ta gode wa, sai ta shiga zura nata kwanon.

Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ba ta leƙawa. Tana ɗaure igiya ta juya baya ta koma kan keken ɗinkinta. Donna Sisina ta barandar da ke fuskantar tata, wadda Allah ya hore wa ido da baki, ta sha ƙoƙarin kawo mata rahoto.

"Rafilì! Kin san wanda ya cinye taliyarki yau? Da takalminsa mai sheƙi, wallahi ya fi ki..."

"Sisì, tattara shanyarki, wandon mijinki na ɗiga a kan mutane."

"Ke dai ana cin ki da rai!"

"Ai dafawa na yi don a ci. In na ga fuskar mutum, gobe kunya za ta hana shi dawowa."

Kwanon yakan dawo a suɗe tas. Wani lokaci da lemon tsami ɗaya a ciki, wani lokaci da maɓalli ko fure. Sau biyu ya tafi bai dawo ba, ta ce ai shi ma yana da 'yancin ganin gari.

A bara ne kafaɗarta ta dama ta ƙi. Likita ya rataye mata hannu a wuya. 'Yarta Nunzia, mai koyarwa a can birnin Bologna, ta taho ranar Laraba da akwati biyu, ɗaya babu komai a ciki, kuma Donna Rafilina ba yarinya ba ce, ta san na wa ne.

"Mamma, Asabar za mu tafi. Shekara saba'in da shida, hawa na huɗu, hannu ɗaya. In kin faɗi wa zai sani?"

"Sisina. Ko atishawa na yi sai ta gaya wa limamin coci."

"Ba wasa nake ba. Kin shekara arba'in kina ciyar da mutanen da ba ki sani ba. Yau ina suke?"

Wannan tambaya ta soke ta. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron ɗaki mai tsabta a Bologna inda ba baranda, ba mai yi mata tsiya ta taga.

Ranar Juma'a Nunzia ta fita karɓo magani. Ba a ɗora tukunya ba, ta hana. Amma da agogon coci ya buga ɗaya, ƙafafun tsohuwa suka kai ta baranda da kansu, ta kwance igiya da hannun hagu. Igiyar ta suɓuce, ta zarce fuuu har ƙarshe. Ta gwada ja, kafaɗa ta ce ba da ita ba. Kwandon Donna Rafilina, a gaban duniya, yana lilo ba ko ƙwayar wake! Kunya ta rufe ta. Ta koma ciki ta ja labule, ta zauna tana share hawaye da hannu ɗaya.

Abin da ta manta shi ne, a garin nan kwando in ya sauko fayau, ma'anarsa ɗaya ce: a zuba.

Wajen ƙarfe uku Nunzia ta dawo tana haki, ta wuce baranda kai tsaye ta kama igiya.

"Mamma mia! Me kika sa a ciki, bulo?"

Da ƙyar ta kai shi sama. Burodi biyu, ƙwai shida a hular wani, lemo, ƙullin garin kofi, man zafi na shafawa. Ga wani kwano mai tsaga a baki, ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi ganin gari, cike da wake mai tururi. A ƙasa kuma ƙaramar taya ta ƙarfe, irin ta jan guga, da takarda a ɗaure: "Uwargida, gobe da safe zan ɗaura miki wannan, ko da yatsa biyu za ki iya ja. Na ci taliyarki wata huɗu. Gishiri ya ɗan yi yawa."

"Ji ɗan banza!" in ji Donna Rafilina, tana dariya tana kuka. "Gishirina?"

Daga can Sisina ta ɗaga murya: "Na ga kowa! Mutum goma sha ɗaya! In faɗa?"

"Ki faɗa in jefe ki da ƙwai!"

Nunzia ta leƙa ƙasa. "Mamma, ga wasu can sun tsaya da ƙunshi a hannu, suna jiran kwandon ya dawo. Zo ki gani mana."

Tsohuwa ta juya wa titi baya, kamar kullum. Ta ɗauko kwano mai tsabta, ta raba waken biyu, ta naɗe rabi da tsumma, ta sa cokali.

"Zura musu. Abincin yau ya makara da awa biyu, wani na can da yunwa. Kuma ki daina leƙe, Nunziè, ba haka ake yi ba."

Nunzia ta zura kwandon a hankali, fuskarta na kallon bango. Ranar Asabar ta koma Bologna ita kaɗai, akwati ɗaya a cikin ɗaya.