Zagaye Biyu na Dalma Zuwa Dakar

Shekara talatin da ɗaya Usta Fathalla ya yi yana liƙe akwatunan gawa da dalma, a wata rumfa bayan sashen kaya na filin jirgin Alƙahira. Baƙon da ya mutu a garin, in dangi na son a kai shi gida, sai an sa shi a akwatin tutiya an liƙe ruf. Hayaƙin dalma ya cinye wa Usta ƙirji, yatsunsa duk tabon ƙuna. Bai taɓa hawa jirgi ba, amma ya san nisan garuruwa: akwatin Khartum zagaye ɗaya na dalma, na Dakar biyu.

Wata Laraba da hantsi, wani ɗan Senegal mai suna Mbay Ndaw ya kawo gawar ƙanensa, ɗalibin da zazzaɓi ya kashe.

"Usta, ka bar mini wajen kai ba liƙi," in ji Mbay. "In ka liƙe, ba za su bari a buɗe a can ba. Tsohuwarmu na son ganin fuskarsa."

"A'a."

"Awa bakwai ce fa zuwa Dakar. Na duba a waya."

"Wayar ce za ta goya shi? Awa bakwai ta mai kujera ce, ɗana. Shi yanzu kaya ne. Za a sauke shi a wani gari, ya jira a rana bayan kwalayen lemo, kwana biyu ko uku."

"Baba, ba ka da uwa ne?"

Sau ɗaya Usta ya taɓa amsa irin wannan roƙon, da ƙuruciya, ya bar taƙi guda ba liƙi. Akwatin ya yi wari a garin da ake sauya jirgi, aka sauke shi, aka binne mutumin a can inda ba wanda ya san sunansa. Uwar ba ta ga fuska ba, ba ta ga kabari ba.

Usta ya cire ƙarfen liƙi daga wuta ya ajiye. "Kira ta, ta irin kiran da ake ganin mutum."

Mbay ya kira. Usta ya kwance likkafani daga fuska da kansa, ya karɓi wayar ya riƙe saitin fuskar. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Can ta faɗi wata magana gajeriya da yarensu.

"Me ta ce?"

"Ta ce ya rame." Mbay ya share ido. "Ta ce a rufe."

Usta ya mai da likkafani, ya ɗora murfi, ya mai da ƙarfe wuta. Ya zagaya sau biyu yana tari, sannan ya bi liƙin da babban yatsa tun da sauran zafinsa.