Itacen Mama da Takin Alhaji Sabo

A gidanmu na Wheaton akwai murhun falo, irin wanda Amurkawa ke kunnawa don ado. Kaka, mahaifiyar Mamana, ba ruwanta da ado. Da sanyi ya shigo, ana idar da Magariba za ta sa Baba ya hura shi, ta miƙe ƙafa, ta kira ni da ƙanwata Ummi. Daga inda take zama ana hango itacen da Mama ta dasa a bayan gida shekarar da ta rasu, mai siririn ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗewa ko ƙanƙara ta rufe gari. Kullum da safe sai Kaka ta gaishe shi, mu kuwa mu yi ta ƙunshe dariya.

Maƙwabcinmu na saman gangare shi ne Alhaji Sabo, injiniya, ɗan garinmu, wanda ya ɗauki ciyawar gidansa tamkar 'yar fari. Ya taso inda buhun takin zamani sai mai hanya, ya zo inda ake jibge shi a kanti, sai ya dinga zubawa ba awo. Ruwan sama ya riƙa wanko takin zuwa gindin itacenmu. Kaka, wadda ta yi noma tun ba a haife shi ba, ta taka har gidansa ta roƙe shi ya rage. Ya yi mata dariya a gaban baƙinsa.

"Hajiya, kyauta nake ciyar muku da shi. Nan ba ƙauye ba ne."

Ta juyo gida. Amma daga ranar tatsuniyarta ta koma guda ɗaya.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta. Mu ce ta zauna mu ji ta.

Wai wani itace ne maraya, wani attajiri ya yi ta ɗura masa abinci. Itacen ya ce ya ƙoshi, attajiri ya ce maraya ba ya ƙoshi. Kan itacen ya yi ta girma, saiwa kuwa ta yi zamanta sama-sama ba ta nutsa ƙasa ba, tunda har baki ake kawo mata. Da fari ya zo, saiwa ta kasa kai wa ga ruwa. Sai itacen ya roƙi iska alfarma guda: ranar da za ta kayar da shi, ta bar shi ya zaɓi gefe. Ummi takan tambaya da Turanci wane gefe ya zaɓa, Kaka ta gyara itacen wuta ta ce mu dai zuba ido.

A hankali itacen Mama ya yi zalau, ganyensa ya koma rawaya, ya fara karkata. Baba ya kira masu sara, Kaka ta kafa kujera a gindinsa ta ce sai dai a haɗa da ita. Duk mun ɗauka kewar Mama ce. Wata la'asar hadari ya taso, itacen ya tuge ya rufta kan rumfar da Alhaji ke tara buhunan takinsa. Ba wanda ya ji ciwo. Kaka ta fita cikin yayyafi, ta dafa gindin ta yi kuka mai isarta, sannan ta leƙa ta kan shinge.

"Alhaji, ga wanda ka ciyar nan ya zo godiya."

Yau a wani ofishi na Southwest Washington nake aiki, ina auna naitirojin, wato sinadarin da ke cikin taki, a ganyen irin waɗannan itatuwa. Na gano sun saba da ƙasa marar maiƙo. In abin ya yi yawa sukan tara shi a ganye, saiwa ta ragwance, ƙishirwa ta ƙarasa su. Kaka ta rasu ba ta san sunan sinadarin ba, amma ta san aikinsa, ta kuma san inda itacen ya karkata.

Ni dai har gobe abin na ci mini rai. Alhaji ya tsufa, a filin Idi nakan durƙusa in gaishe shi. Ban taɓa yi masa jajen rumfarsa ba, don shi ma bai taɓa yi mana ta'aziyyar itacen ba.