Daddawar da Kaka Ta Aika wa Turawa

Kwana uku bayan Babbar Sallah, a shekarar da haƙorana na gaba suka zube, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba, ina durƙushe a rumfar bayan gidanmu a Lahodu da ƙwaryar daddawa a hannu, Kaka Hajo tana leƙa mini hanya. Aikin lada muke yi a ɓoye, kuma har yau ban ga ladan da ya ƙare a wuyan mutum kamarsa ba.

Baba manomin albasa ne, yana haɗawa da sayen fatun jajayen awaki da ake kaiwa ƙasar Turawa. Jakinmu ya mutu da damina, sai ya ɗora duk burinsa a kan fatun sallar nan. In malamin fata a Wurno ya buga musu lamba ɗaya, a sayi jaki. In bai buga ba, kowa a gidan ya san kan da buhun albasa zai hau, ni ma na sani. Baba ya lallaɓa fatun nan fiye da yadda ya taɓa lallaɓa ni. Ba a shanya su a ƙasa, sai a ɗaure su jikin itace cikin inuwa, in wuni ina korar ƙuda da karnuka, sa'o'ina suna can suna langa.

Kawu Sanda ne ya jawo mana, wanda ya dawo daga soja da manyan takalma da labarin da ya fi takalman girma. Ya ce a ƙasar Turawa abinci ya yi wuya, sai mutum ya nuna takarda ake ba shi. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ni dai in ce mi suka yi da hwatu haka! Ashe ganda suka ci, bayin Allah, ko daddawa babu." Har da hawaye. Washegari ta jawo ni, "Taho maigidana, mu yi sadaka." Tsakanin kowace fata biyu muka cusa daddawa da gabu, busasshen ganyen albasa ke nan, muka barbaɗa dakakken barkono don miya ta yi armashi. Baba yana fama da mura, ya ɗaure kayansa bai ji komai ba.

Ranar da muka kai su Wurno aka yi rashin sa'a Baturen kanti ya zo da kansa daga Sakkwato. Ana kwance igiya ya sunkuya zai duba. Atishawar da ya yi, na rantse an ji ta a Goronyo, mutanen Rabah kuma suka amsa masa da yarhamukallahu. Man daddawa ya yi wa kowace fata tabo, aka buga musu lamba uku. Da malamin fata ya tsare ni da ido na faɗi gaskiya, ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Ya ce ba cin su ake yi ba, safar hannu ake ɗinka wa matan masu hali, kuma ta hannu biyu kawai ta fi jaki tsada.

Na jira duka a hanya, bai zo ba. Baba yana tafe yana juya tafin hannunsa mai kanta da tsaga, yana kallo kamar yau ya fara ganinsa. Abin da ya ce kawai, "Gobe, fadama." Ranin nan ni ne jakin gidanmu, ban da kuka babu aikin marigayin da ban gada ba. Shi ya sa har yau ban yi tsawo ba. Kaka kuwa da ta ji bayani sai ta ce, "Jaki guda ga hannu? To su maido min daddawata."

Ba su maido ba. Yanzu ɗana yakan sayo takalmin waje mai sheƙi, ya ƙi faɗa mini kuɗinsa, ga fatun awakinmu har gobe ana loda su a mota suna tafiya a ɗanye. In ya cire ya shiga ɗaki nakan ɗauka in shinshina, ko Allah zai sa in ji sadakar Kaka. Gidanmu bai taɓa mallakar safar hannu ba, amma mun taɓa tausaya wa masu ita.